Na je sayen siki, aka zaunar da ni awa biyu ana awon ƙafata

Shagon kayan siki ne, wato allunan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Yana wani lungu ne a Grenoble ta Faransa, in ba an nuna maka ba sai ka wuce shi ka ɗauka wurin gyaran keke ne. Da rani ma keken suke gyarawa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu, kuma har gobe can nake kai kayana.

Ni mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo ni Faransa a 2016, aiki ya riƙe ni. Wanda duk ya zauna a Grenoble ya san duwatsu sun yi wa garin ƙawanya ta ko'ina, ga Belledonne, ga Chartreuse, ga Vercors, kuma da hunturu ya kama, ran Asabar gari yakan watse, kowa ya hau sama. Abokan karatu suka ja ni Chamrousse, inda aka yi tseren zamiya a gasar Olamfik ta hunturu ta 1968, na sha faɗuwa har na daina jin kunya. Bayan shekara huɗu na iya sauka kowace hanya da injin ya daddaɓe. Sai ido ya fara tafiya gefe, wajen sandunan iyaka, inda dusar ƙanƙara take kwance yadda ta zubo, ba wanda ya taka. Faransawa suna ce mata fudaras, wato gari, kuma gari ɗin ce: ka damƙa ta ƙi dunƙulewa, ta zube ta tsakanin yatsu kamar garin dawa da aka tankaɗe. Zamiya a cikinta, nesa da hanyar da aka gyara, ita ce firiraid. Ni da matata zamiyar daji muke ce mata.

Ranar da na fara shiga, da kayan da na saya a kasuwar gwanjo na shiga: siki siriri mai ƙugu, wato faɗin tsakiya, milimita 76, da takalmi mai lamba 28.5 da na ɗauka saboda ya yi mini daɗi a tsaye. Ban yi mita hamsin ba hancin sikin ya nutse, na wuntsila, na tashi da gari har cikin kunne. Siki ɗaya ya ɓace a ƙarƙashi, na yi kusan minti arba'in ina tono da hannu. Da na koma gida na cire safa, farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin. Bayan wata ɗaya ya fita.

Na ɗora laifin duka a kan sikin. Na kwana biyu ina kallon hotunan alluna masu faɗi, na kamu da son wani na Black Crows, kamfanin nan na Chamonix da aka kafa a 2006, mai ƙugu sama da milimita 120. Da wannan niyya na shiga shagon, kuɗina a aljihu.

Dattijon da ke wurin bai ko kalli bangon da aka jera sikin ba. Ya ce, "Malam, zauna. Cire takalmi, cire safa, naɗe wando zuwa gwiwa." Na ce ai siki na zo saya. Ya ce ya ji, amma in zauna.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Ya auna ƙafafuna a zaune, ya sake aunawa a tsaye, domin ƙafa tana bajewa in nauyi ya hau ta. Ta dama santimita 26.6, ta hagu 26.9. Lambar takalmin siki tsawon ƙafa ce kai tsaye da santimita, ba ruwanta da 43 ɗin da nake sawa a takalmin gari. Ashe lambata 26.5 ce, na shekara huɗu ina yawo da 28.5. Ya ɗaga babban yatsan nan ya duba sabon farcen da ke tsirowa, ya ce takalmi mai girma ne ya yi wannan. Ni a tunanina matsi ne ke kashe farce. Ya ce a'a, in takalmi ya yi yawa, ƙafa takan zame gaba duk lokacin da ka jingina baya, yatsa ya riƙa dukan bango sau ɗari a wuni. Kuma a cikin gari, ɗan koyo baya yake jingina don tsoron kada hanci ya nutse.

Sai faɗi. Ƙafata ta kai milimita 104 a wajen tushen yatsu, ga tudun baya mai tsayi. Ya tambaye ni ko na yi yarinta ba takalmi. Na yi dariya na ce ƙwallon yashi da silifa, har na shiga sakandare. Ya ce ya gani. Takalman siki ana ƙera su a kan faɗi iri-iri, masu matsi wajen 97 ko 98, matsakaita 100, masu yalwa 102 zuwa sama, kuma a kan lamba 26.5 ake auna wannan faɗin. Na ce to a ba ni mai yalwa mu huta. Ya ƙi. Ya nuna mini diddigena da idon sawuna, sirara ne. Ya ce mai yalwa zai sake mini diddige, kuma diddigen da ke rawa shi ne makashin zamiya, domin duk umarnin da za ka ba siki ta nan yake bi. Wurin da ya matse yana iya buɗe shi da zafi. Wurin da ya yi sako-sako kuwa ba abin da zai iya yi sai cusa soso, soso kuma ba ya daɗewa.

Ya zare safar cikin takalmi mai kauri, ya bar ɓawon roba tsirara, ya ce in zura ƙafa in tura gaba har yatsu su taɓa. Ya haska bayan diddigena da tocila, ya zura wani ɗan itace. Saura santimita ɗaya da rabi. Ya ce daidai ke nan, in ya kai uku an yi asara. Da ya mayar da safar na sa, sai na ji kamar an sa ƙafata a tarko, yatsu na dungurin gaba. Na ce wannan ba nawa ba ne. Ya ce in ɗaure maɓallan sama biyu, in durƙusa in danna ƙwauri a kan harshen takalmin. Ina dannawa diddige ya koma gurbinsa, yatsu suka ja baya kaɗan, suna shafar gaba ba tare da sun lanƙwashe ba. Ya ce haka ake so sabo ya kasance, domin safar ciki takan kwanta bayan kwana biyar zuwa goma na zamiya, takalmin da ya yi daɗi a shago kuwa a wata na biyu ya zama bokiti.

Guda uku na gwada, kowanne na tsaya a cikinsa minti goma sha biyar, yana ta aikinsa yana leƙo ni. Muka tsaya a kan Atomic Hawx Prime XTD mai taurin 120, faɗi 100, wanda ake iya gasa ɓawonsa. A kan wannan lamba ta tauri ya ja mini kunne biyu. Na farko, ba awo ba ne da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kai, 120 na wannan gida ba lalle ya zama 120 na wancan ba. Na biyu, roba takan ƙara tauri a cikin sanyi, don haka abin da ka ji yana lanƙwasuwa cikin ɗumin shago zai fi haka gardama a kan dutse. Kilo 78 nake, ya ce 130 zai jefa ni baya a cikin gari, kuma ba tsere zan shiga ba.

Daga nan aka sa ɓawon a tanda. Da ya yi zafi ya liƙa mini 'yan ƙullin soso a wuraren da ƙashi ya turo, gefen ƙaramin yatsa da tudun baya, ya sa mini hular yatsu, na zura ƙafa, ya ɗaure. Minti goma ina tsaye ba motsi, zufa na keto mini, ƙafa na zugi. Kafin wannan ya riga ya gina mini shimfiɗar tafin ƙafa daidai da sawuna, yuro 95, abin da na so in ce a bari. Yau in za a ce in mayar da abu ɗaya daga cikin kayan nan, ba ita zan mayar ba. Ita ce ta hana tafina bajewa, kuma da tafin ya daina bajewa sai faɗin nan na 104 ya ragu da kansa. Ya kuma ƙwace safar ulu mai kauri da na zo da ita. Ya ce siririya guda ɗaya tak, ba ninki, domin kauri yana tare jini, kuma rashin gudun jini ne ke kawo sanyin yatsu.

Sai bayan awa biyu muka isa bangon siki, kuma a nan bai ɓata minti ashirin ba.

Ya ce kwana nawa na yi zamiya bara. Na ce ashirin da biyu. A cikinsu kwana nawa gari ya kai mini gwiwa? Na lissafa, huɗu. Ya ce to allon da na zo nema na mutanen Hokkaido ne a Japan, inda iskar Saiberiya ke ɗebo danshi daga teku ta zubar musu da sama da mita goma a hunturu ɗaya, ko na mai alluna uku a gareji. A Belledonne, in ta zuba da dare, kafin azahar an tattake ta. Abin da za ka tarar sauran kwanaki shi ne wadda aka yayyanka, da wadda iska ta daskarar da samanta kamar ƙanzo, da ƙanƙara tsagwaronta a hanyar komawa mota. Allo mai faɗi sosai yana yawo a saman gari kamar kwalekwale, amma a wuri mai tauri sai ka sha aiki kafin ka kafa kaifinsa, gwiwa ce kuma ke biya. Ga mai allo ɗaya a wannan yanki, shi tsakanin 100 da 108 yake ba mutane.

Lambobi uku da ake rubutawa a jikin siki faɗin hanci ne da ƙugu da wutsiya, na tsakiyar shi ake kiran allo da shi. Ya haɗa guda biyu ciki da ciki ya nuna mini yadda suke: a tsakiya akwai ɗan baka da ke ba da riƙo a wuri mai tauri, hanci kuma ya fara ɗagawa tun da nisa, wutsiya ma ta ɗan ɗaga. Wannan ɗagin shi ke hana nutsewa. Wani ɗan wasan zamiya, Shane McConkey, shi ya yayata dabarar da allon Spatula na kamfanin Volant a 2002, daga sikin kan ruwa ya ɗauko ta. Tunda hanci da wutsiya ba sa taɓa ƙasa, allon yakan ji kamar ya fi tsawonsa gajarta, shi ya sa ake ɗaukar wanda ya kai tsayin mutum ko ya ɗara kaɗan. Tsayina 178, ya ba ni 181.

Ya ba ni aron biyu in gwada, kuɗin aron za a cire a cikin ciniki in na saya. Wannan tsari nasu ya burge ni. Ɗaya yana da faranti na ƙarfe a ciki, mai nauyi, yana ratsa yankakkiyar dusa kamar tirela, amma sai da gudu yake rayuwa, kafin la'asar cinyoyina sun mutu. Ɗayan Salomon QST 106, ya fi sauƙin juyawa a tsakanin bishiyoyi, kuma in na yi kuskure yakan yafe. Shi na ɗauka, samfurin shekarar da ta gabata, fenti kawai ya bambanta su da sabon, ragin kuwa ya kai kashi talatin cikin ɗari.

Maɗauri, wato ƙarfen da ke kama takalmi a kan allo ya kuma sake shi in ka faɗi, shi ne abin da ban taɓa tunani a kansa ba. Tambaya ɗaya ya yi: zan riƙa hawa da ƙafa, ko kujerar igiya mai ɗaukar mutane zuwa saman dutse ce kawai za ta kai ni? In kujera ce kawai, maɗauri na sauka zalla, irin su Look Pivot ko Marker Griffon, ya fi araha ya kuma fi juriya. In hawa ne aikin, akwai mai ƙusa biyu da ke cafke hancin takalmi, wanda wani ɗan Ostiriya, Fritz Barthel, ya ƙirƙira a shekarun 1980, Dynafit ta yaɗa shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma an yi shi ne don tafiya mai nisa. Na ce ni tsakiya nake, kujera ta kai ni sama, in ƙara minti arba'in ko awa ɗaya da ƙafa in leƙa bayan tudu. Ya ɗauko Shift, wanda Salomon da Atomic suka fitar a 2018: wajen hawa ƙusoshi ne, wajen sauka ka juya shi ya koma maɗauri sosai. Ya fi mai ƙusa zalla nauyi nesa ba kusa ba, wannan ya faɗa mini tun kafin in biya.

Na miƙa hannu ga mai lamba 13, ya mayar ya ba ni mai 10. Lambar nan, da ake kira DIN, ƙarfin da ake buƙata ne kafin maɗauri ya saki ƙafa. Ba da ka ake zaɓenta ba, akwai jadawali: nauyi, tsayi, shekaru, tsawon tafin takalmi da milimita wanda ke rubuce a gefen diddige, da irin zamiyar mutum. Nawa ya faɗo a 6.5. Mai 13 daga 6 yake farawa, ke nan zan zauna a bakin gaɓa, mai 10 kuwa daga 4 yake farawa, ina tsakiya, ga shi ya fi araha. Ya ce samari na zuwa su ce a murɗa musu zuwa 11 don kada siki ya fita, shi kuma yakan ce musu siki ya fita a tono shi, jijiyar gwiwa in ta tsinke sai tiyata da wata shida zuwa tara ana koyon tafiya. Da aka ɗaura, ya sa takalmin a injin da ke murɗa shi ya ga ko yana saki a inda aka sa. Ba kowane shago ke yin wannan ba.

Abu biyu ƙanana da ke tsada in an manta: birkin maɗauri dole ya kai faɗin ƙugun allo ko ya ɗara kaɗan, nawa 110 a kan 106. Sannan tafin takalmi iri-iri ne, akwai shafaffe na da, akwai GripWalk mai roba, akwai na masu hawa, kuma ba kowane maɗauri ke karɓar kowanne ba. Mai sayen gwanjo ya kula da nan.

Ina shirin biya ya ce ina na'urata. Yana nufin 'yar na'urar da ake ratayawa a ƙirji, mai aika sigina a kan kilohaz 457, wadda da ita ake nemo wanda dusa ta zaftaro ta binne, tare da shebur da sandar da ake caka wa dusa a gano inda mutum yake. Na ce sai wata mai zuwa. Fuskarsa ta canza. Ya ce wanda aka tono cikin minti goma sha biyar galibi yana rayuwa, bayan haka dama takan zube da sauri, kuma jirgin ceto ba ya isowa cikin minti goma sha biyar, abokin tafiyarka ne zai tono ka. Ya ce gangaren da ya fi daɗin gari, daga digiri 30 zuwa 45, shi ne kuma wanda ya fi zaftarewa. Ya rubuta mini sunan ANENA a bayan rasit, ƙungiyar nazarin dusa da zaftarewarta da ke nan Grenoble tun 1971, ya ce in je in yi kwas na wuni ɗaya, in kuma riƙa karanta sanarwar Météo-France mai mataki ɗaya zuwa biyar kowane dare. Na saya, na je. Gaskiyarsa.

Jimilla, har da fatar hawa da ake mannawa a ƙarƙashin allo don kada ya zame baya, wadda gashin akuyar angora ne gauraye da nailan, kuɗin ya tasam ma yuro 2,000. A sefa miliyan ɗaya da jika ɗari uku ke nan. Inna ba ta san wannan lissafi ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Yanzu ƙorafi. Samun lokacin awon ƙafa a watan Nuwamba sai an jira mako uku, wayarsu kuma sai ka buga sau biyar. Ranar da na fara shiga, wani yaron shago ya tare ni tun daga ƙofa ya nuna mini inda ake ba 'yan koyo haya, ban ko buɗe baki ba. Na san abin da ya gani. Dattijon bai yi mini haka ba, amma shi ma ba mai fara'a ba ne, in ka kawo maganar da ka karanto a intanet sai ya yi kamar bai ji ba. Babban abin da ya ƙona mini rai shi ne ɗaura maɗauri: sun ce Juma'a, na je Juma'a ba a taɓa ba, sai Talata. A daren Juma'ar nan aka zuba dusa mafi kyau a watan, na wuni Asabar a gida ina kallon hotunan abokai. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Kuma matata da ta je daga baya ta tarar takalman mata masu tauri iri biyu kacal gare su a lambarta. Farashinsu ma ya ɗara na intanet, wajen yuro sittin a kan takalmin kaɗai.

Sai dai a cikin wannan sittin ɗin akwai gyara kyauta na shekara guda, kuma na ci moriyarsa sau biyu. Bayan kwana shida gefen ƙaramin yatsan hagu ya fara ƙuna, na koma. Ya shafa mini jan baki a kan ƙashin, na zura ƙafa a ɓawon, tabon ya fito a ciki daidai inda ke matsi. Ya gasa wurin da bindigar zafi, ya tura shi da wani ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, milimita biyu, ya ce in je in sha shayi in dawo.

A watan Fabrairu na je La Grave tare da jagora da abokai uku. Can ba a daddaɓe gangaren, motar igiya ce ke ɗaukar ka daga ƙauyen ta ajiye ka a mita 3,200 kusa da dutsen La Meije, sauran kuma tsakaninka da dutse. An yi sabuwar zuba, ta kai rabin cinya a wasu wurare. Juyi na uku na ji abin da ake faɗa: na tsaya a tsakiyar allo, ƙwauri a kan harshe, hanci ya taso da kansa, ba ƙara ko kaɗan sai huci na. Na faɗi sau biyu, sau ɗaya maɗaurin ya saki, kuma daidai ne ya saki. A ƙasa cikin bishiyoyi, inda aka tattake ta zama tudu-tudu masu tauri, na gode wa Allah da ba allon 120 ke ƙafata ba.

Da muka sauko na zauna a bayan mota zan yi alwalar la'asar, sai na tuna tun takwas na safe ban kwance maɓalli ko ɗaya ba. Na cire safa na duba. Farce goma, duk suna nan.